Kwanon da Ya Yi Tsatsa: A Gyara ko a Sauya?

Duk wanda ya ratsa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Yamai, ya ga shaguna da rumfuna da ɗakunan ajiya waɗanda rufinsu da bangonsu duk kwano ne. Ya kuma ga yadda tsatsa take cin su: jan tabo a kewayen kowace ƙusa, jan layi yana gangarowa daga inda falle ya hau kan falle, sannan gindin bango ya zagwanye har ana hango ƙafafun mutanen da ke ciki. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas sai mai shago ya tuna da wannan, ya kira masu sana'a. Kafinta zai ɗaga kai ya duba ya ce, "Alhaji, wannan kwanon ya gama aikinsa, a cire shi kawai a huta." Mai fenti kuwa zai ƙwanƙwasa bangon ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka zubar da kuɗinka. A kankare, a shafa jan fenti, zai ƙara shekaru." Kowannensu yana da hujja, kowannensu kuma yana da abin da zai ci a cikin maganar, shi ya sa mai kayan yake rasa wanda zai bi.

Ba a iya raba wannan gardama sai an san abin da ke faruwa a jikin fallen. Kwanon da muka saba da shi ƙarfe ne siriri da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya, ƙarfen nan da ake kira zinki, a zafin da ya kai kusan digiri 450. A 1829 wani injiniyan Ingila, Henry Palmer, ya yi rajistar dabarar lanƙwasa fallen ƙarfe tudu da kwari don rufe rumbunan tashar jiragen ruwa ta Landan, a 1837 kuma Stanislas Sorel na Faransa ya yi rajistar tsoma ƙarfe cikin tutiya. Haɗuwar dabarun biyu ita ta ba duniya kwano. Aikin tutiyar ya wuce na rufe ƙarfen daga ruwa da iska. Idan fallen ya sami ƙarzuwa, tutiyar da ke gefen wurin ita ce ke fara lalacewa a madadin ƙarfen, tana ƙarewa a hankali har ranar da babu sauranta. Saboda haka jan tabon da ido ke gani alama ce cewa tutiyar wannan wurin ta riga ta ƙare, ruwa da iska sun isa ga ƙarfen kansa. Tsatsa kuma tana kumbura fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, tana riƙe danshi, don haka inda ta kama takan ɗaga abin da ke kanta ta ci gaba ta ƙarƙashi.

Masu cewa a sauya sukan fara da kaurin kwano, kuma a nan maganarsu ta fi ƙarfi. Mafi yawan kwanon da talaka ke saya a yau, mai falle 20 a bandir, kaurinsa yana tsakanin milimita 0.15 da 0.20 ne. Mutum yana iya lanƙwasa shi da yatsu biyu. Tutiyar da ke kansa ma ba ta taka kara ta karya ba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta sha kama kwanon da bai kai ma'aunin da ta gindaya ba, wanda ke nuna cewa akwai wanda ya fi wannan sirantaka a kasuwa. To idan tsatsa ta ci rabin kaurin irin wannan falle, me za a kankare? Burushin waya zai bi ta kansa ya fito ta ɗaya gefen. Kafinta yana da gaskiya idan ya ce kuɗin fenti da ladan mai shafawa a kan irin wannan kwano sun kusa kuɗin sabo, alhali sabon zai fi daɗewa.

Suna kuma cewa abin da ake gani daga waje ba shi ne duka ba. Inda falle ya hau kan falle ruwa yana shiga ya kwanta, ƙura ta taru, rana ba ta isa wurin balle ya bushe. Ta ciki ma raɓar asuba da tururin girki suna taruwa a bayan kwano su ɗiga kan katako. Mai fenti ba zai kai burushinsa waɗannan wurare ba sai an ɓalle fallen, idan kuwa an kai ga ɓallewa, me ya rage a kan sauyawa? Ga kuma iskar farkon damina. Kowace shekara a watan Mayu da Yuni muna jin an kwashe rufin makarantu da masallatai da gidaje a garuruwan Arewa. Sau da yawa daga ramin ƙusa ɓarnar take farawa: tsatsa ta faɗaɗa ramin, kan ƙusar ya daina riƙe komai, iska ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga. Fallen kwano da ke yawo a sama cikin guguwa yana iya kashe mutum. Fenti ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi, kuma wanda ya ga rufinsa yana ƙyalli zai kwanta da zaton ya tsira.

Hujjarsu ta ƙarshe ta shafi halinmu ne, kuma tana da ɗaci. Gyaran da ake yi a yawancin wurare ba gyara ba ne. A buɗe galan guda, a tsinka shi da fetur ko kananzir har ya isa inda galan biyu za su isa, a shafa a kan tsatsa da ƙura yadda suke. Mai gida ba zai hau sama ya duba ba. Wannan daidai yake da ɗaure gyambo ba a wanke shi ba. Kafin damina biyu fentin ya kumbura ya ɓare, tsatsar ta fito fiye da da. Wasu kuma baƙin mai suke shafawa, ko su narka farin soson nan da ake naɗo talabijin a ciki da fetur su toshe huda. Yana tsayar da yoyo na ɗan lokaci, amma rana tana busar da shi ya tsage. Mai cewa a sauya yana ganin gara a kashe kuɗi sau ɗaya a kan abin da aka tabbatar, musamman yanzu da akwai alminiyam da ba ya jan tsatsa, da kwanon aluzinc wanda kashi 55 cikin ɗari na rufin jikinsa alminiyam ne, sauran kusan duka tutiya, kuma ya fi kwano na gama-gari daɗewa a sarari. Tsohon kwanon ma ba asara ba ne gaba ɗaya, 'yan gwangwan za su auna su biya.

Duk wannan gaskiya ne. Amma masu cewa a gyara ba su rasa abin faɗa ba, kuma ni a ganina nasu ya fi dacewa da yawancin gine-ginen da ake wannan gardama a kansu.

Sukan fara da aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, farashin kayan gini ya yi tashin gwauron zabo. Kwano yana cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin akasarin naɗin ƙarfen da ake yin sa da shi daga waje ake shigo da shi. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka fara ginawa tun wajen 1979 har yau bai ba mu fallen ƙarfe ba. Mai shagon tireda ko mai injin niƙa da aka ce wa ya sauya bango da rufi gaba ɗaya, jarinsa ake cewa ya cinye. Kuma kuɗin bai tsaya a kan kwano ba. Idan aka ɓalle tsohon rufi katako yana tsagewa, silin yana lalacewa, wayoyin lantarki sai an sake ja, shago kuma zai zauna a rufe kwanakin da ake aikin.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, hujjar kauri tana da baki biyu. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya sauƙaƙa shigowar kaya masu nauyi, kuma har yau akwai tsofaffin ɗakunan ajiya da gine-ginen tasha da kantunan kamfanoni waɗanda kwanonsu ya yi ja jawur amma idan ka ƙwanƙwasa shi za ka ji ƙarfe. Irin wannan kwano ya ninka na yanzu kauri. Wanda ya cire shi don ya yi ja, ya sa sirantacce mai ƙyalli, ya yi canjin da zai yi da-na-sani a kansa. Haka batun kwantena da ake mayarwa shago ko ofis: bangonta yana kai milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, an kuma yi shi da ƙarfen da ke jure yanayi. Tsatsar da ke kanta yawanci a sama take. A kankare, a yi walda inda ya huje, a yi fenti, ta koma aiki. Babu mai hankalin da zai ce a jefar da kwantena don gindinta ya yi ja.

Sannan tsatsa ba ta cin gini baki ɗaya a lokaci guda. Tana da wuraren da take zaɓa, kuma kowane wuri yana da dalilinsa. A bangon kwano, ƙafa ɗaya ko biyu na ƙasa su ne ke fara tafiya, saboda an dasa fallen cikin ƙasa, ko ruwan da ke zubowa daga rufi yana fantsamo laka a jikinsa, ko an jingina shara da yashi, ko kuma bayan shagon ya zama wurin fitsari. A ɗakin ajiyar takin zamani, buhunan da aka jingina da bango su ke jawo danshi da gishirinsu su cinye shi. A gidan kaji, tururin kashinsu ne ke ci ta ciki, kuma a irin wannan wuri aluzinc ɗin da ake yabo ba ya daɗewa, kamar yadda ba ya shiri da ɗanyen siminti. A wurin mai cajin batir ruwan batir ne, a bayan gida kuma hayaƙin janareta da aka juya wa bango. Wanda ya sauya kwano bai kawar da waɗannan ba, sabon zai bi sawun tsohon, wataƙila ma ya riga shi saurin tafiya. Wanda kuwa ya gane dalilin, sau da yawa zai tarar kashi mafi yawa na bangonsa lafiya lau yake. Sai ya yanke gindin da ya ruɓe, ya jera bulo layi biyu ko uku, ya sa kwanon ya sauka ta wajen bulon ba tare da ya taɓa ƙasa ba, ya gyara hanyar ruwa. Wannan aiki ba ya buƙatar bandir ko ɗaya.

Yanayinmu ma yana goyon bayan mai gyara. Ibadan ta yi suna da jajayen rufinta, a Legas kuma iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe ba dare ba rana. Mu a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram ruwan sama na wata huɗu ne ko biyar, sauran shekara iska a bushe take. Tsatsa tana tafiya a hankali a nan, tana ba mutum shekaru na ganinta kafin ta huda. Idan har ta huda, to an daɗe ana kallonta.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a cikin al'amarin. Kakanninmu da suka zauna a soraye sun san gini yana da haƙƙi a kan mai shi kowace shekara. Kafin ruwan farko a kan kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a hau soro a toshe tsaga, a share indararo, mai hali ya sa makuba. Babu wanda yake jira sai azara ta faɗo. Da kwano ya zo sai muka ɗauka mun rabu da wannan wahala har abada, muka kafa shi muka juya baya. Ya rage wahalar ƙwarai, amma bai kawar da ita ba. Rabin gardamar kafinta da mai fenti ba za ta taso ba da a ce mai gini yana zagaya kwanonsa sau ɗaya a shekara da burushin waya da ƙaramin gwangwanin fenti, lokacin da tabon bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Duk da haka ba zan ce a gyara kowane kwano ba, kuma ina ganin kuskuren ɓangarorin biyu shi ne haɗa rufi da bango a hukunci ɗaya. Bango ba ya ɗaukar ruwa a kwance, ba a hawa kansa, ana iya isa gare shi ciki da waje, mai shi kuma yana tsaye yana ganin abin da ake yi. Kusan kullum gyara ne ya dace da shi. Rufi kuwa rayukan mutane ne a ƙarƙashinsa da kuma kansa, domin mai aikin da ya taka ruɓaɓɓen falle yana iya zurmawa. A nan sai an gwada. A shiga ɗakin da tsakar rana a rufe ƙofa da taga a ɗaga kai: idan haske yana shigowa ta ƙananan huji barkatai a tsakiyar falle, wannan fallen ya tafi. A danna wurin da ya fi ja da bakin sukudireba: idan ya lotsa ko ya huje, a cire. A duba ko ƙusa tana riƙe ko tana yawo a raminta. Fallen da ya faɗi wannan gwaji a sauya shi, shi kaɗai, ba sai an kwashe maƙwabtansa masu lafiya ba. Kafinta ba ya son wannan magana don aikin ya ragu, amma ita ce gaskiya.

Idan kuma an zaɓi gyara, to a yi shi yadda zai amsa sunansa, domin a nan ne masu sukarsa suke samun abin faɗa. A fara wanke kwanon da ruwa da omo a fitar da ƙura da maiƙo, a bar shi ya bushe sarai. A bi tabon da burushin waya da samfefa har sai duk abin da ke ɓarewa ya fita, amma kada a ci tutiyar da ta rage a gefe, ita ce sauran garkuwar fallen. Akwai ruwan kashe tsatsa da ake sayarwa a shagunan fenti, mai sinadarin fosforik, wanda ke mayar da ragowar tsatsar da ta maƙale baƙa mai tauri da fenti zai iya kamawa. Bayan nan sai fentin farko, wato jan fentin ƙarfe ko mai tutiya a ciki, a kan wuraren da aka kankare, a ranar da aka kankare su, don ƙarfen da aka bari tsirara ya kwana cikin raɓa zai wayi gari da sabon ja. Sannan fentin sama hannu biyu, a bar na farko ya bushe kafin na biyu. Akwai abin da masu fenti da yawa ba su kula da shi: fentin mai na gama-gari ba ya zama a kan sabuwar tutiya mai sheƙi, yakan saɓule bayan ɗan lokaci, don haka sabon fallen da aka sa a matsayin faci yana buƙatar fentin farko da aka yi domin kwano, ko a bar shi ya sha iska na wasu watanni. Yanka kuma da almakashin kwano ya fi, domin injin gurza yana ƙona tutiyar bakin yankan, yana kuma watsa garin ƙarfe a kan fallen wanda zai zama ɗigon tsatsa da ruwan farko. Tsofaffin ƙusoshi a zare su a sa masu hula da roba, a kan tudun kwano idan rufi ne, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba.

Lokacin aikin ma yana da nasa hukunci. Mu mun saba tunawa da rufi sai hadari ya taso, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba da Nuwamba, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi ta riƙa manne wa ɗanyen fenti. A fara da hantsi bayan raɓa ta bushe, a dakata idan kwano ya yi zafin da hannu ba zai iya zama a kansa ba, don fenti yana bushewa a sama kafin ya kama. Wanda ya zaɓi fari ko launi mai haske zai sami ƙarin riba, ɗakinsa zai rage zafi a watan Afrilu.

Akwai haɗari guda da ɓangarorin biyu ba su cika ambata ba. Wasu tsofaffin fentin ƙarfe, har da wasu na yanzu marasa inganci, suna ɗauke da dalma. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Ƙurar tsohon fenti da ake kankarewa hanya ce ta shigarta jiki, musamman ga yara. Mai kankara ya rufe hanci da baki, a nisanta yara, a share garin a kwashe, gidan da ke tara ruwan rufi don sha kuma ya tabbatar da irin fentin da zai sa. Mai walda shi ma ya sani hayaƙin tutiya yana jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji, kuma madarar da ake sha bayan aiki ba ta hana shi. A yi waldar a sarari inda iska ke kaɗawa.

Hukuncina shi ne bangon kwano da kwantena da tsohon kwano mai kauri a gyara su, a kuma kawar da abin da ya jawo tsatsar kafin a buɗe galan. Rufin sirantaccen kwano da ya fara nuna haske a sauya fallayen da suka huje, idan an zo saye kuma a tambayi kauri kafin a tambayi farashi. Masu gidajen haya da masu kula da makarantu da masallatai, ku sa zagayen kwano cikin ayyukan kowace kaka, ku kuma tsaya a wurin ranar da ake kankarewa.